Sifikar A-kori-kurar Yaya

Sati biyu na ce zan yi a Kano. Haka na gaya wa Yaya a tasha, har da rantsuwar da babu wanda ya nema. Wani ɗan kwas ne ofishinmu ya tura mu, a daidai lokacin da Maiduguri ta rikice, ana rufe gari tun la'asar, mutum ya kwanta bai san da abin da zai tashi ba. Kwas ya ƙare, na ce bari abubuwa su ɗan lafa tukuna. Aka yi min canjin wurin aiki, ban nema ba, amma ban ƙi ba. Na yi aure a can, na haifi yara a can. Ranar da na dawo unguwarmu Bolori da kayana gaba ɗaya, shekara tara ke nan da tafiyata.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ya riƙe gidan. Duk tsawon shekarun nan ko nan da Damaturu bai matsa ba. Sana'arsa dako da wata tsohuwar a-kori-kura fara da Baba ya bari. Wake, albasa, bulo, gadon amarya, duk abin da Allah ya kawo yana ɗauka. Mutum ne mai faɗa, da bakinsa na girma. In na bar buta a rana sai na ji, in na yi sallama ƙasa-ƙasa sai na ji, kuma ya fi kirana sakarai a kan sunan da aka yanka min rago.

To wannan mutumin ne ya tare ni da murmushi. Ya sa aka share min ɗakin zaure, aka yi turaren wuta, aka kawo burabisko a kwanon da sai surukai sun zo ake fito da shi. Na ce to, karramawar kwana uku ce, za ta wuce. Na kama haya a layin bayansu, na kawo iyalina, kullum ina gidan safe da yamma, aka yi wata biyu Yaya bai sauke ba. In na shigo sai ya gyara zama ya ce sannu da zuwa. In na ɗauki tsintsiya a karɓe. Wata rana da gangan na bar buta a tsakiyar rana na koma gefe ina jira. Ya fito, ya ɗauke ta da kansa ya mayar inuwa, bai ce uffan ba. Wallahi ranar sai da idona ya kawo ruwa. Ni ba wani abu nake nema a wurinsa ba, so nake ya harare ni ya yi min faɗa irin na da, in san cewa har yanzu ƙanensa ne ni ba baƙo ba.

Matarsa ce kawai ba ta canja min ba. Babarbariya ce 'yar cikin Yerwa, mai baki, kuma tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji tun tana amarya. Da ta gan ni sai ta ce, "Ɗan Kano, yaushe ne sati biyun zai cika?" In yi dariya, amma maganar tana zama min a wuya.

Wata safiya na bi Yaya ɗaukar albasa, bayan na roƙa sau uku yana cewa zan sha rana. A nan na ji rediyon motar. Yaya ba ya tuƙi babu rediyo, tun da can haka yake. Labarai, tafsiri, shirin gaishe-gaishe, har sanarwar ɓatan akuya yana saurara yana gyaɗa kai. Amma muryar da ke fitowa siririya ce, kamar ana magana a cikin gwangwanin madara. Da ya sauka yin ciniki na leƙa ta ramukan murfin ƙofa, na ga takardar sifikar a yage. Na zagaya ɗaya ƙofar, ita ma haka.

"Yaya, sifikar nan ai ta mutu," na ce da ya dawo.

"Tana magana ai," ya ce, ya tayar da mota.

A nan dabara ta faɗo min, kuma har yau ina mamakin yadda na ji daɗin kaina. Na ce ga mutum yana wuni a mota, abokin hirarsa ɗaya ne, shi ma muryarsa ta shaƙe, kuma saboda hidimar gida ba zai iya gyara wa kansa ba. Ni zan gyara. Zan sa masa abin da babu irinsa a Bolori, ya ji ya san cewa ƙanensa yana lura da shi. In ma ya yi faɗan ɓarnar kuɗi, to ai faɗan nake nema. Ta kowace fuska na duba, riba na gani.

Sati guda na yi ina karatu a waya. Na san faɗin bakin sifika, na san nauyin maganaɗisun bayanta, na san wadda ke fitar da murya da wadda ke fitar da duka, wato bugun nan mai nauyi. A Kano ina da maƙwabci mai wata mota da in ya shigo layi sai kwanukan kanta su yi ta kaɗawa, kuma duk da na sha tsine masa a raina, yanzu shi ne ya zama ma'aunina. Matata ta tambaye ni ko jarrabawa zan zauna. Na ce mata ba za ta gane ba, harkar maza ce.

Ranar da na ce wa Yaya ya ara min motar, na shirya jin tambayoyi. Wannan mota da a da ko madubinta na taɓa sai an tuna min ranar da na jefa keken Baba a kwata. Ya miƙo min mabuɗi da hannu biyu. Da na fito da safe na tarar ya wanke ta, ya zuba mai.

A bayan Kasuwar Litinin akwai layin masu kayan wutar mota, aka nuna min shagon wani dattijo da aka ce hannunsa yana da kyau. Dogo ne, siriri, da hular zanna da ta sha rana, Hausarsa da nauyin Barbarci a kanta. Na tarar yana sallamar wani direba. Ya haɗa wata 'yar sifika da batir, amma kafin ya taɓa waya sai ya leƙa waje ya ce wa maƙwabcinsa na dama, "Zan gwada." Ya juya hagu ya ce, "Zan gwada." Suka amsa da to. Sannan ya kunna, ƙasa-ƙasa, muryar mai karanta labarai. Na yi murmushi a raina na ce lallai ladabin mutanen nan ya yi yawa, har sifika sai an nemi izini.

Da layi ya zo kaina na yi masa bayani da duk kalmomin da na haddace. Ya saurara har na gama.

"Motar a nan garin take aiki?" ya ce.

"A nan. Ta wana ce, a Bolori."

"Shi ya aiko ka?"

"A'a, kyauta zan yi masa. Bai ma sani ba."

Ya shiga ciki ya fito da wasu ƙanana guda biyu, kowace ba ta fi tafin hannu ba. Ya ce waɗannan murya kawai suke fitarwa, tas, kuma su kowa ke sawa yanzu. Na juya su a hannu, ba su da nauyin komai. Raina ya ɓaci. Na ɗauka takalmina ya kalla ya yanke min hukunci.

"Baba, ba irin wannan nake so ba. Mai duka nake so, wadda in an kunna za a ji ta a ƙirji."

"A ƙirji," ya maimaita a hankali. Ya ɗago ya kalle ni. Sai ya ce, "Kai baƙo ne?"

Da ya san inda ya taɓa da bai faɗa ba. Na hau shi da bayani. Na gaya masa layin da aka haife ni, da firamaren da na yi, da sunan mahaifinmu, da shekarar da aka zuba kwalta a titinmu. Na ce kafin a gina rabin shagunan nan ina yawo a kasuwar nan da gajeren wando. Muryata ta tashi har maƙwabcin nasa na dama ya leƙo.

"Wushe, wushe, yi haƙuri ɗana," ya ce, yana lallashina da sannun Barbarci. "Tambaya ce kawai."

Ya taka benci ya sauko da wani kwali daga can saman kanta, ya hure ƙurar da ke kai. Ya ce tun kafin abubuwan nan su fara ya saro shi, babu wanda ya taya. Ni kuwa sai na ji kamar na tsinci dukiyar da jahilai suka wuce. A ciki akwai wata ƙatuwar sifika a akwatin katako da za ta zauna a bayan kujera, da biyu na ƙofa, da wani ƙarfe mai ƙara musu ƙarfi. Na ɗaga akwatin na ji nauyi, na ce yauwa, ga kaya.

Awa uku ya yi yana aiki, ni ina zaune a inuwar dogon yaro ina ba shi shawarar da na karanta a waya. Da ya ciro tsohuwar sifikar ƙofa sai ya ɗaga ta a haske, ya bi yagar da babban yatsansa.

"Wannan ba tsufa ba ne," ya ce. "Reza ce. Duba yadda ta tafi a miƙe."

Na ce yara ne, gidan Yaya cike yake da su. Ya ciro ta ɗaya ƙofar, ya duba, ya kalle ni, ya ci gaba da aikinsa. Da ya gama na ce a sa waƙa mu ji. Ya ƙi. Ya sanar da maƙwabtansa kamar ɗazu, ya kunna labarai ƙasa-ƙasa, ya ɗora tafinsa a kan akwatin, ya kashe. Ya ce in gwada a bayan gari inda babu mutane, kuma in gaya wa mai motar kafin in kunna masa. Na ce to Baba, irin to ɗin da ake yi wa tsofaffi.

Ban je bayan gari ba. Ban ma kunna a hanya ba, don ina so dukan farko ya zama a kunnen Yaya. Na rufe akwatin da tsohon buhu, na mayar da mabuɗi, na koma gida ina zaɓen waƙa. Na tsaya a kan wata ta biki da ke buɗewa da bugun babbar ganga sau uku kafin mawaƙin ya shigo.

Washegari da safe na same shi a ƙofar gida yana ɗumama inji. Lokacin layin ya cika. Mai ƙosai tana bakin kwalbati da kaskonta, mai faci ya baje kayansa, 'yan makaranta suna wucewa cikin fararen riguna, wani mai keke-napep yana sauke fasinja. Matar Yaya ta fito cikin laffaya da filas ɗin shayinsa, tana tsaye a gefen tagarsa. Na shiga ɗaya ɓangaren na zauna, na haɗa wayata, na murɗa abin ƙara murya har ƙarshe, tunda ban san ƙarfinsa ba kuma ba na so a ji kunya.

"Yaya, saurari wani abu," na ce, na danna.

Gaskiya kayan suna da kyau, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba. Na ji bugun farko a ƙirji kamar yadda na biya. Kujera ta girgiza, madubi ya yi rawa. Kafin bugu na biyu Yaya ba ya cikin motar. Ban ga lokacin da ya buɗe ƙofa ba. Ya fizgo matarsa ƙasa, ya kifa a kanta a gindin taya, hannunsa a kan ƙeyarta, filas ya fashe a gefe. Mai ƙosai ta bar kaskon a wuta ta faɗa zauren da ba nata ba. Keken nan ya gangara shi kaɗai ya tsaya a kwata, mai shi yana bayan wata katanga. 'Yan makarantar su ne ba na iya mantawa. Ba su yi kuka ba, ba su gudu ba. Kwanciya suka yi rub da ciki a inda suke, hannu a ka, shiru, har da wata 'yar ƙarama da jakarta ta fi ta girma. Da gani ka san koya musu aka yi.

Sai mawaƙin ya shigo yana yabon idon masoyiyarsa.

Na rasa inda ake kashewa. Na danna wannan, na danna wancan, daga ƙarshe na fizge wayar. Da shiru ya sauka na ɗaga kai na duba layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kowa yana ƙasa ko yana bayan wani abu. Ni kaɗai ne a zaune sambal a kan kujera, ko ƙifta ido ban yi ba.

Mai faci ne ya fara miƙewa. Ya kalli motar, ya kalle ni, ya juya ya ce wa na bayansa, "Sifika ce." Maganar ta bi layin daga baki zuwa baki, sifika ce, sifika ce. Mutane suka tashi suna kakkaɓe jiki. Na jira zagi. Wannan fa Bolori ce, inda in ka goge wa mutum keke sai an tara maka jama'a. Babu wanda ya zage ni, babu kuma wanda ya yi dariya. Mai ƙosai ta dawo ta kwashe waɗanda suka ƙone ta zubar. Sai wayoyi suka fara ƙara, ta Yaya, ta matarsa, ta mai faci, mutanen sauran layuka suna tambaya ko lafiya, ana ce musu ba komai, ba komai. Tawa ce kawai ba ta yi ƙara ba.

Yaya ya ɗaga matarsa, ya tsince gilashin filas ɗin ɗaya bayan ɗaya ya zuba a kwata. Gwiwar wandonsa ta yage. Ya miƙa hannu ta taga ya kashe inji. Ya shige gida bai kalle ni ba, ranar bai fita aiki ba.

Na zauna a tsakar gida kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Can matar Yaya ta fito, ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna nesa da ni kaɗan. Ba ta ce min Ɗan Kano ba. Ta ce akwai wata rana, a shekara ta uku da tafiyata, Yaya yana lodin wake a bakin kasuwa bam ya tashi, tsakaninsa da wurin bai fi tsawon layin nan ba. Ya zubar da waken, ya ɗebi mutane. Sawu uku ya yi zuwa asibiti, kuma ba duk waɗanda ya ɗauka ne suka isa da rai ba. Shi kaɗai ya wanke bayan motar, bai bari kowa ya taya shi ba. Bayan kamar sati biyu yana tuƙi aka sa wani kiɗa a rediyo, ganga ta buga, ya tsinci kansa a cikin rumfar wani mai kankana. Ba zai iya zama a mota babu murya ba, kuma ba zai iya jin bugu ba. Sai ya nemi reza.

"Me ya sa ba a gaya min ba?" na ce.

"Kana kira ai," ta ce. "Kana cewa ya gida, muna cewa lafiya lau."

Gaskiya ta faɗa. Duk sati ina kira, duk sati ana ce min lafiya lau, ni kuma ban taɓa tambaya sau biyu ba, saboda amsar ta yi min daidai.

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa kaina. Amma Allah ya yafe min, tunda na ɗauki alƙawarin faɗin gaskiya, a ƙarƙashin kunyar akwai wani ɗan daɗi. Na ce yau kam babu makawa. Na kwantar da wana a ƙasa a gaban maƙwabta, na razana matarsa, na hana shi neman abincin yini guda. Ko waliyyi ne yau sai ya buɗe baki. Na ma fara tsara yadda zan sunkuyar da kai in sha, ba zan ce komai ba, in ya ga dama har mari.

Bayan la'asar na ari sukundireba a wurin mai faci, na buɗe ƙofar motar na durƙusa ina kwance murfin. Na cire ƙusa biyu ke nan na ji takunsa. Ya canja wando, ya yi wanka. Na miƙe, na sunkuyar da kai.

Ya leƙa bayan kujera, ya ɗaga buhun ya kalli akwatin. Ya shafa katakon da hannu.

"Kaya masu kyau ne," ya ce. "Ka yi ɗawainiya. Allah ya saka da alheri."

"Yaya, ka yi min faɗa mana," na ce. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. "Dubi abin da na yi maka."

Ya kalle ni, kuma babu ko ɗigon fushi a fuskarsa. Na bincika sosai, babu.

"Faɗan me? Ai ba laifinka ba ne. Ba ka nan."

An zage ni a rayuwa, an kore ni daga ofis a gaban mutane, amma ban taɓa jin abin da ya yi min ciwo kamar wannan yafiyar ba. Na tsaya da sukundireba a hannu. Ya zare ta daga yatsuna a hankali, ya ce in je in huta kada in ɓata rigata, shi zai ƙarasa.